Kafin Ka Huda Bango a Kwamfuta

Ɗana, na duba zanen gidan da ka turo, mai ɗaki uku da falo, kuma hannunka ya fara faɗawa. Bangwaye sun haɗu a kusurwa, ƙofofi na buɗewa ta inda ya dace. Tagogin ne nake so mu ɗan zauna a kansu, don na ga guda ɗaya ka zana, ka yi ta kwafarta kana dasawa a tsakiyar kowane bango, har da na banɗaki.

Ka riƙa tuna abin da filan yake nufi. Ana ɗauka ne an yanke gidan a kwance, wajen mita 1.2 daga daɓe, an ɗage saman an leƙo daga sama. Tagar ɗaki gindinta yakan tsaya a milimita 900, kanta kuma a 2100, daidai da kan ƙofa, don linta ɗaya ta bi ta kansu duka. Ke nan yankan ya ratsa ta, dole a ga bango ya katse a wurin. Tagar banɗaki kuwa, 'yar 600 da 600 ɗin nan, gindinta yana can wajen 1500, yankan bai kai gare ta ba. Bangon da ke ƙarƙashinta a cike yake, ita kuma da layi tsinke-tsinke ake nuna ta. Ka zana ta irin ta ɗaki, birkila ya bi takardarka, sai mai wanka ya riƙa haɗa ido da masu wucewa.

Zanen kansa ba wuya. A AutoCAD komai da ainihin girmansa ake zana shi, da milimita: bangon bulo mai inci tara 225, mai inci shida 150. Ka ja gajeren layi ya ratsa kaurin bangon, ka yi masa OFFSET da faɗin tagar, a ce 1200, ka share tsakani da TRIM. Sai siraran layi biyu a bakin bango ciki da waje, wasu biyu a tsakiya su tsaya a madadin gilashi. Ka ba tagogi leyarsu daban, layinsu ya fi na bango siranta. Kada kuma zumuɗin iya kwamfuta ya sa ka zana har da maƙulli da roba. In an buga a sikelin 1:100, tagar 1200 milimita 12 ce kacal a takarda, bangon kuwa bai cika milimita uku ba. Duk kwalliyar da ka cusa a ciki baƙin tabo za ta koma.

Haɗa layukan su zama abu guda da BLOCK dabara ce mai kyau, amma kowane girma da kowane kaurin bango ka yi masa tasa. Masu gaggawa sukan kama tagar 1200 su ja ta har ta kai 1800, sai firam ɗin ma ya kumbura tare da ita.

Sannan kowace taga ta sami suna, W1, W2, W3, da jadawali a gefe mai faɗin faɗinta, tsayinta, tsayin gindinta, irinta da yawanta. Ka rubuta ƙarara cewa awon na ramin da birkila zai bari ne, ba na firam ba, domin filasta za ta ci wani abu, kuma a nan ake yawan cacar baki da mai alminiyam. Awon wurin taga kuwa daga kusurwar bango ka ɗauko shi zuwa bakin ramin, don a kusurwa birkila ke maƙala tef ɗinsa. Shi da layin bulo yake lissafi, layi huɗu ya ce ya kai gindin taga. In lambarka ba ta fito fili ba, abin da ya saba zai yi. Ka kuma duba ko taga ta hau kan fila, ba a rasa irin wannan a zanen sababbin hannu.

AutoCAD tun fitowarta a 1982 layi ta sani, ba ta san taga ba, shi ya sa in ka matsar da taga a filan sai ka bi ta da kanka ka gyara a zanen fuskar gida. Revit da ArchiCAD sun ɗauke wa mutum wannan wahala, ka matsar a wuri ɗaya ta matsa ko'ina. Ka koye su, suna da amfani. Sai dai babu ɗayansu da za ta hana ka kafa babbar taga tana kallon yamma a ɗakin kwana.

A nan hankalina ya fi tsayawa, domin ban ga kibiyar arewa a zanenka ba. A Kano, cikin Afrilu, zafi yakan haura digiri 40, ranar yamma kuma a kwance take shigowa, bakin rufi ba ya tare ta. Ɗakin da ya sha ta daga azahar zuwa magariba, bangonsa sai ya yi ta amayo zafi har tsakar dare, ga wuta ba tabbas. Bangon arewa da na kudu sun fi sauƙin yi wa inuwa, can za ka kai manyan tagogi. In fili ya tilasta maka yamma, ka rage girmanta ko ka sa baranda a gabanta. Iska kuma ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita. Taga biyu a bango daban-daban sun fi ƙatuwa guda ɗaya. Ka sani mai zugewar nan ta alminiyam da kowa ke so rabinta kaɗai ke buɗewa, ka ƙara da ƙarfen ɓarayi da ragar sauro da labule, ka ga abin da ya rage wa iska. Luba tana buɗewa kusan duka, amma da hunturu ƙurar da ke tasowa daga arewa maso gabas sai ta bi ta tsakanin gilasanta. Kowace da aibinta, maigida za ka faɗa wa ya zaɓa yana sane.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. In ka zaga cikin birni ka kalli tsofaffin soraye, za ka ga tagoginsu ƙanana ne, a can sama. Maginan da suka yi su sun san zafi, sun kuma san sutura. Yau ana ɗora bene a fuloti ƙarami, taga ta buɗe kai tsaye kan tsakar gidan wani, inda iyalinsa ke girki da shanya. Ba layin da zai yi ja a kwamfuta ya gargaɗe ka. Kai ne za ka ɗaga gindin tagar, ko ka juya ta wani bangon, ko ka rubuta gilashin da ba a hango waje ta cikinsa a jadawali.

Tsakiyar bango ma ba farilla ba ce. Ka fara ajiye gado da wadirof a zanen da ainihin girmansu, ka ga bangon da ya rage, sannan ka huda. A kicin ka ɗaga gindin tagar ya haura kantar girki, in ba haka ba famfon sinki ya tsaya a gaban gilashi. In ka gama gyaran, ka buga a takarda ka je filin da la'asar, ka tsaya inda gadon zai kasance, ka ga ta ina rana take dukanka, kuma gidan wa kake hange.