Awo da Hoto: Yadda A Ke Adana Siffar Tsofaffin Gine-gine

Yau a filinmu na kimiyya za mu yi bayanin wata dabara wadda masana su ke kira fotogirametiri, watau awo da hoto.

Ku miƙa hannu, ku ɗaga babban yatsa, ku rufe ido ɗaya. Sa'an nan ku buɗe shi ku rufe ɗayan. Za ku ga kamar yatsan ya yi tsalle, in kuwa kun matso da shi kusa da fuska, tsallen ya ƙaru. Da wannan bambanci ne ƙwaƙwalwa ta ke gane nisan abu. To, haka awo da hoto ya ke. A kan ɗauki hoton gini daga wurare biyu waɗanda aka san tazarar da ke tsakaninsu. Idan aka gwama hotunan, sai lissafi ya ba da tsawo da faɗi da zurfin kowane lungu, ba tare da an taɓa ginin ba.

Wani Bajamushe, Albrecht Meydenbauer, ya na cikin waɗanda su ka fara wannan aiki. A 1858 ya na awon babbar majami'ar garin Wetzlar, saura ƙiris ya faɗo daga sama. Wannan ne ya sa ya yi tunanin auna gini daga ƙasa da hoto, har a 1885 aka kafa ma'aikata a Berlin domin haka.

Amfanin dabarar ya bayyana sosai a Masar. A 1960 aka fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, wadda tafkinta ya malale ƙasar Nuba har cikin Sudan. Ruwan zai haɗiye haikalin Abu Simbel, wanda Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa cikin dutse fiye da shekara 3,000 da su ka wuce. Masana daga hukumar zanen taswira ta Faransa su ka auna shi da hoto. Daga 1964 zuwa 1968 aka yanka shi gunduwa-gunduwa fiye da 1,000, aka sake haɗa shi a kan tudu, mita 65 sama da mazauninsa na da.

Masu haƙar kayan tarihi kuwa sun fi kowa bukatar dabarar, gama haƙa ba ta maimaituwa. Duk shimfiɗar ƙasar da aka kwashe ta tafi ke nan. Saboda haka su kan ɗauki hotuna kafin su kwashe kowace shimfiɗa. A yau ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi ya na ɗaukar ɗaruruwa, kwamfuta ta haɗa su ta fito da siffar ramin.

Wani lokaci ma hoton ne kaɗai ke saura. A 2001 aka rushe manyan gumakan Buddha na Bamiyan a Afganistan. Daga baya masana a Zurich su ka sake fito da siffar babban, mai tsawon fiye da mita 50, cikin kwamfuta, da taimakon hotunan awo da aka ɗauka a 1970. Da ba a ɗauke su tun gumakan su na tsaye ba, da awon ya yi wuya ƙwarai.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.