Kafin Marubuci Ya Kwashe Rubutunsa Zuwa Sabon Dandali

A ƙarshen Nuwamban 2023 dandalin OkadaBooks ya rufe, shekara goma bayan Okechukwu Ofili ya kafa shi. A tsawon wannan lokaci marubutan Hausa da dama, musamman mata masu littattafan labari, sun mai da shi kantin sayar da littattafansu. Da sanarwar ta fito, wadda take da kwafin littafinta a waya ko a kwamfuta sai ta nemi wani wurin ta ci gaba. Wadda kuwa ta mai da dandalin shi ne ma'ajinta, sai da ta shiga rububin kwashe abin da za ta iya kafin wa'adi ya cika.

Ba a kansa aka fara ba. Yahoo ta rufe GeoCities a Oktoban 2009, shafukan miliyoyin mutane suka tafi. Twitter ta sayi Posterous a 2012, ta rufe shi a Afrilun 2013. Google+ ya bi sahu a Afrilun 2019. Facebook ta hana rubutawa a sashenta na Notes daga ƙarshen Oktoban 2020, alhali nan ne wasu malamai suke zuba dogayen maƙaloli. Typepad, wanda ya haura shekara ashirin yana aiki, ya rufe a ƙarshen Satumban 2025. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke kan intanet a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma.

Saboda haka ƙaura ta zama dole ga duk wanda ya daɗe yana rubutu a intanet, ko da son ransa ko don an tashe shi. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ita kanta ƙaurar tana cin dukiya. A 2019 MySpace ta fito ta amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora mata tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta a yayin da take mayar da bayananta sabon rumbu. An ƙiyasta waƙoƙin sun kai miliyan 50. Wannan babban kamfani ne mai injiniyoyi, balle marubucin da abin da yake da shi waya ɗaya ce da ɗan datar da ya saya.

Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan: gina wa marubuta da malamai da ƙananan ƙungiyoyi shafi, da kwashe musu rubutu daga wannan dandali zuwa wancan. Maganar da ya fi ji a bakin masu zuwa wurinsa ita ce, "Malam, ka kwashe min komai ka mayar can." Shi kuma tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Ina kwafin da yake hannunka?" Mafi yawa babu. Wasu ma a cikin manhajar suke rubutawa kai tsaye, su danna aikawa, shi ke nan.

Don haka kafin a taɓa komai sai an fitar da kwafi. Kusan kowane babban dandali yana da ƙofar yin haka, sai dai a ɓoye take cikin saituna. WordPress yana ba da fayil ɗaya na XML mai ɗauke da rubuce-rubucen da kwanan watansu. Na Blogger ana samunsa ta Google Takeout. Facebook ma tana barin mutum ya sauke bayanansa, a tsarin HTML wanda ido zai iya karantawa, ko JSON wanda manhaja take karantawa. Amma akwai tarko a nan da yake kama mutane da yawa. Fayil ɗin WordPress ba ya ɗauke da hotuna, adireshinsu kawai yake ɗauka. Sabon shafin zai nuna hotunan tsaf, marubuci ya yi murna, bai san daga tsohon wurin ake janyo su ba. Ran da aka rufe tsohon, sai kowane hoto ya koma fanko. Wata marubuciya da ta zo wa mai wannan rubutu da irin wannan matsala, hotunan bangon littattafanta ne da na taron ƙaddamarwa suka tafi a haka, domin ta riga ta goge tsohon shafin da hannunta. Kaɗan aka samu a wayoyin ƙawayenta. Hotuna da sauti da fayilolin PDF sai an sauke su daban, an ƙirga su, an tabbatar sabon shafin daga rumbunsa yake nuna su.

Kwafin kuma kada ya zauna wuri ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta, filash yana mutuwa ba sallama. A ajiye ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash, ɗaya a wani rumbu na intanet da ba shi da alaƙa da dandalin da ake bari.

Matsala ta gaba tamu ce, wadda ɗan ƙasar waje da ya rubuta jagorar ƙaura bai yi tunaninta ba: haruffa masu ƙugiya. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na ba haruffa lamba. Tsarin da duniya ta tsaya a kai yanzu shi ne UTF-8, kuma yana ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Idan tsohon rumbun ya adana rubutu a wannan tsari, sabon kuma ya karanta shi da tsohon tsarin harsunan Yammacin Turai, sai ƙ ta fito a Æ™, ɗ ta fito a É—. Mummunan gani ne, amma yana gyaruwa, domin lambobin suna nan ba su ɓata ba. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan haruffan suka koma alamar tambaya. A nan ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama abu ɗaya, ba manhajar da za ta rarrabe su, sai mutum ya zauna ya bi rubutun kalma bayan kalma. Wanda yake da maƙaloli ɗari biyar ya san abin da wannan yake nufi.

Akwai kuma tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga da rubutun kwamfuta na musamman, irin wanda maɗaba'u da gidajen jarida suka yi ta amfani da shi kafin allon rubutun Hausa ya shigo waya. A wannan tsari an aro gurbin wasu alamomi ne aka zana ƙugiya a kai. Da an ɗora rubutun a intanet sai asirin ya tonu, a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Wasu kuma sun saba da sa q da x da v a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Ƙaura dama ce ta gyara duk wannan, kuma ya kamata a yi, domin mai neman kalma a Google da rubutunta na daidai ba lallai ya faɗo kan maƙalar da aka rubuta da irin waɗannan alamomi ba. Sai dai a yi hattara da umarnin nan na sauya kowane harafi gaba ɗaya. Idan aka ce kowace v ta zama ɓ, har cikin adireshin hotuna da sunayen baƙi za ta shiga ta yi ɓarna. Shi ya sa mai wannan rubutu ba ya kwashe komai a tashi ɗaya. Yana ɗaukar 'yan maƙaloli, tsofaffi da sababbi, ya gwada da su, ya buɗe a ƙaramar waya mai araha irin wadda yawancin masu karatu suke riƙewa, sannan ya ci gaba.

A duba kwanan wata ma. Wasu manhajojin kwashe rubutu suna buga wa komai ranar da aka yi ƙaurar. Ta'aziyyar da aka rubuta shekara goma da suka wuce sai ta fito kamar ta jiya, mutane su fara buga waya suna tambaya.

Sai adireshi, kuma a nan ne asarar da ba a gani take. Kowace maƙala tana da nata adireshin, shi ne kuma yake yawo a zaurukan WhatsApp, a tsofaffin saƙonnin Facebook, a ƙasan takardun ɗaliban jami'a da suka kafa hujja da ita. Blogger yana sa shekara da wata a cikin adireshi, ya rufe da .html, shi kuwa WordPress ana iya saita shi ya sa kan maganar kawai. Da tsarin ya canza, duk wanda ya danna tsohon adireshi zai tarar da lamba 404, wato babu. Ba zai yi ƙorafi ba, wucewa zai yi. Maganin shi ne abin da masu sana'ar suke kira turawa ta 301: umarni ne da yake ce wa waya da Google wannan maƙala ta koma can har abada. Kowace maƙala sai an tura ta ga takwararta, ba a tattara kowa a kai shi shafin farko ba. Google da kanta tana ba da shawarar a bar wannan turawa aƙalla shekara guda.

Amma turawa tana yiwuwa ne yadda ake so idan sunan shafin na marubucin ne. Wanda adireshinsa yake ƙarewa da sunan kamfani ɗan haya ne, ran da ya tashi ba zai ciri lambar gidan ya tafi da ita ba. Wanda ya yi rajistar sunansa, ko mai .com ne ko .com.ng ko .ng da hukumar NiRA take kula da shi, zai iya canza dandali sau nawa ya ga dama, masu karatu ba su ma sani ba. Kuɗin shekara ake biya, kuma na Nijeriya da naira ake biyansa, abin da ya rage wa mutane wahalar neman dala.

A nan akwai maganar da ta shafi abokan sana'a, kuma ba za a ƙi faɗarta ba. Wasu masu gina shafi suna yin rajistar sunan da imel ɗinsu, su riƙe kalmar sirri. Ba duka ne da mugun nufi ba, wani sauƙi yake nema. Amma ran da aka yi saɓani, ko ya yi tafiya, ko ya rasu, marubuci ya zama baƙo a shafinsa. An taɓa kawo wa mai wannan rubutu shafin wani malami da almajiransa suka yi shekaru suna tara masa darussa. Wanda ya gina shi ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, kuɗin shekara ya ƙare ba wanda ya sani, domin saƙon tunatarwa imel ɗinsa yake zuwa. Kafin a farga sunan ya faɗa kasuwa, wani ya saye. Don haka dole rajista ta kasance da sunan marubucin, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. Mai gina shafi na kirki ba zai ji haushin wannan sharaɗi ba.

Masu karatu su ma ba sa ƙaura da kansu. Mabiya dubu hamsin a Facebook na Facebook ne, ba fayil ɗin da zai fitar da su. 'Yan Nijeriya sun ɗanɗana wannan lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗanda ba su da wata hanyar isa ga mutanensu suka yi wata bakwai a rufe. Abin da marubuci zai iya ɗauka ya tafi da shi shi ne jerin imel ko lambobin waɗanda suka ba shi da yardarsu. Wannan ne ya sa wasu suke komawa irin su Substack, wanda yake barin mutum ya fitar da jerin masu karatunsa, ko da yake yana cire kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da suka biya. Kafin a ruɗu da kyan sabon wuri, a tambaya: idan an tashi barinsa, me zai bari a fita da shi, kuma kuɗin da aka samu ta wace hanya zai iso asusun banki a Kano ko Maraɗi? Tambayar fita ake fara yi tun kafin a shiga.

Lokacin ƙaura ma abin dubawa ne. Marubuciyar da take tsakiyar sakin labari babi-babi ta bari ta kai ƙarshe. Shafin darussan addini kada a taɓa shi ana gab da azumi, lokacin da aka fi buɗe shi. Sauya inda sunan shafi yake nunawa yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya game ko'ina, a tsakanin nan wani zai ga tsoho, wani ya ga sabo. A sanar da mutane tun da wuri, a maimaita, a bar sanarwa a saman tsohon shafin.

Tsohon kuma kada a yi gaggawar goge shi. A bar shi har sai an ƙirga maƙalolin nan da na can sun zo daidai, an buɗe hotuna, an danna tsofaffin adireshi an ga inda suke kaiwa.

Wanda abin ya riga ya faru da shi, akwai sauran wuri ɗaya da zai leƙa. Internet Archive, ma'ajiyar da Brewster Kahle ya kafa a 1996, tana ɗaukar hoton shafuka tana adanawa, kuma tun 2001 kowa yana iya bincika ta ta sashen Wayback Machine kyauta. Da ita aka ceto wani ɓangare na darussan malamin nan. Sai dai ba kowane shafi take kamawa ba, ƙananan shafukan Hausa da ba a cika ambatonsu a wasu wurare ba sukan kuɓuce mata, abin da yake cikin rufaffen zaure na WhatsApp ko Facebook kuwa ba ta ganinsa sam. Tana da gurbin da mutum zai liƙa adireshin maƙalarsa da kansa ya ce a adana masa yanzu, ba ya kuma ɗaukar fiye da 'yan mintuna. Mai wannan rubutu yana yi wa manyan maƙalolin duk wanda ya kawo masa aiki haka tun kafin ya fara kwashe komai.