Lanho, Bashi da Kuɗin Bida: Shawarwari ga Magidantan Tawa da Arewacin Adar

A Adar kuɗi ba sa shiga gida wata-wata. Sau biyu ko uku suke zuwa a shekara: da kaka idan an cire hatsi da wake, da rani idan an tone albasa a fadama, sai ranar da ɗan bida ya aiko daga Abijan, Libiya ko Aljeriya. Buƙata kuwa ba ta da lokaci. A ganina wannan tazarar da ke tsakanin shigowar kuɗi da fitarsu ita ce ke karya magidanta, fiye da ƙarancin kuɗin kansa. Ga shawarwari takwas.

1. Raba amfanin gona tun yana sabo. Kafin a ɗaure bakin rumbu, a fitar da zakka idan hatsin ya kai nisabi: dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka sha wahalar ban-ruwa. Daga nan a ware iri, a ware cimakar da za ta kai gida tsakiyar damina, a ware na lanho, wato haraji, da na bashi. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na sayarwa. Maigida ya yi lissafin tare da uwargida, domin ita ta san tiya nawa gidan ke ci a rana.

2. Biya lanho da wuri, kuma ka karɓi takarda. Harajin da hakimai da masu unguwa ke tattarawa na ma'aikatar magajin gari ne, kuma da sunayen da ke cikin kundin ƙidaya ake lissafa shi. Nan ne gidaje da yawa ke asara ba su sani ba. Tsoho ya rasu, ba a je an bayyana rasuwarsa ba, sunansa na nan. Ɗiya ta yi aure ta koma Tamaske ko Kalfu, har yanzu tana kan katin mahaifinta. Ka ɗauki katin iyali ka je a duba shi, a cire wanda ya kamata a cire, ka kuma tambayi waɗanda doka ta yafe wa. A birnin Tawa, da ke da gundumomi biyu, ka tabbatar a gundumarka aka rubuta ka. Kuɗin lanho ba su da yawa idan an biya kowace shekara. Idan suka taru shekara uku ko huɗu, kuma aka neme su ranar da kake buƙatar wata takarda da gaggawa, sai ka ga an sayar da akuya. Takardar shaidar biya a ajiye ta wuri ɗaya da takardun haihuwar yara, cikin leda, nesa da gara.

3. Mai shago da mai sana'a ya raba aljihun kasuwa da na gida. Tikitin kasuwar Lahadi daban, harajin shekara na ofishin haraji daban, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Ka je ofishin da ƙafarka ka ji abin da ke kanka, kada ka bari wani ya ce zai shiga maka tsakani. Kuɗin da aka miƙa babu takarda, a wurin hukuma ba a biya su ba.

4. Ka guji bashin damina da ake biya da hatsin kaka. Wannan shi ne babban ramin, don haka zan daɗe a kansa. A watan Yuli da Agusta rumbu ya kusa ƙarewa, hatsi ya yi tsada, ga noma, ga zazzaɓin yara. Maigida ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi falle, da alkawarin zai biya da buhu idan an yi girbi. Kaka ta zo, farashi ya faɗi, sai ya kwashi hatsi mai yawa ya biya kuɗi kaɗan. Rumbunsa ya fara shekara da giɓi, ya ƙare tun kafin saukar ruwa, sai ya koma wurin mutumin nan. Waɗanda suka ga yunwar 2005 da ta 2010 sun san gidajen da suka shiga wannan hanya ba su fita ba sai da gona ta tafi.

Haka bashin kuɗi da ruwa yake. Idan mai ba da rance ya ce jika ɗaya a kan kowace jika goma duk wata, kunne na jin abin kamar kaɗan ne. A shekara kuwa kashi 120 cikin 100 ke nan. Ƙa'idar ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Yamma, wadda ta fara aiki a 2014, ta tsayar da iyakar ruwan ƙananan asusun rance a kashi 24 cikin 100 a shekara. Wato mutumin yana karɓar ninki biyar na abin da doka ta yarda, ban da hukuncin riba da kowane Musulmi ya sani.

To, mene ne mafita? Akwai tsarin jinginar hatsi a sito, wanda aka fara a Nijar wajen 1999 da tallafin hukumar FAO. Manoma 'yan ƙungiya su tara buhunansu da kaka a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun asusun da zai ba su rance. Su karɓi wani kaso na darajar hatsin su yi sana'ar rani, su biya, a buɗe sito lokacin da farashi ya tashi, hatsin yana nan nasu. Ba kowace shekara farashin ke tashi yadda ake fata ba, amma ko ba a ci riba ba, cimaka ba ta bar gari ba. Ka tambayi ƙungiyar manoman garinku ko ma'aikacin gona. Idan kuma hukumar cimaka ta ƙasa, OPVN, ta buɗe sayar da hatsi a farashi mai rahusa, gara a sayar da ɗan akuya a saya da a ci falle. Masu albasa su ma kada su zubar da ita duka a watan Maris da Afrilu: a bar wani kaso a rudu, wato rumbun albasa, a riƙa dubawa ana cire wadda ta fara ruɓewa.

5. Rubuta kowane bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin kunya ba ne a kawo takarda da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A sa adadi, ranar biya, da abin da za a biya da shi, kuɗi ko hatsi. Mai hulɗa da Kwanni da Illelar Najeriya ya ƙara da cewa da sefa za a biya ko da naira, domin faɗuwar naira tun 2023 ta ɓata tsakanin abokan ciniki da yawa. Kuma maigida ya sanar da babban ɗansa ko matarsa abin da ake binsa da wanda yake bi. Bashi ake fara biya kafin a raba gado, magada ba za su biya abin da ba su sani ba.

6. Gona ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. Idan dole ta sa a yi jingina, a yi ta gaban hakimi da kwamitin filaye na gari, irin waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a karɓi takardar da ta ce jingina ce, ba sayarwa ba. A kwarin Keita, inda aka sha aikin raya ƙasa tun 1984, da fadamun Badagishiri, fili ya yi daraja. Jinginar baki da baki, bayan shekara goma da rasuwar shaidu, takan zama shari'a tsakanin jikoki.

7. Kuɗin bida a ba su suna kafin su iso. Ɗan bida ya faɗi ƙarara: wannan na hatsi, wannan na lanho, wannan na makaranta, wannan na bashin motar da ta kai ni. Bashin tafiya shi ne farkon biya. Ra'ayina kuma, kuɗin cefane a aika su kai tsaye ga matar da ke riƙe da tukunya. Yanzu da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana suke ko'ina, babu dalilin da zai sa ta jira kuɗi su bi hannu uku kafin su zo mata. Wannan ba raina iyaye ko yayye ba ne, nasu ma a aika musu daban da sunansu. Sannan kada gida ya ci bashi bisa dogaro da aiken da bai zo ba. Rikicin Kodibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 sun dawo da 'yan Adar masu yawa gida hannu wofi. A duk aike a cire wani abu a sayi tunkiya ko a ƙara buhu a rumbu.

8. Dukiyar mace tata ce. Awakin uwargida da kuɗin adashinta, idan maigida ya karɓa, rance ya karɓa, ya faɗi ranar mayarwa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a yankin Maraɗi a 1991, sun nuna abin da zubin mako-mako ke iya yi, kuma sau da yawa akwatinsu ne ke kai yaro likita a watan Agusta. Mata, ku ma kada ku ci bashin akwati don gudummawar biki ko anko. Ku ci shi don abin da zai dawo da kuɗi: ƙuli-ƙuli, kiwo, ƙaramar sana'a.

Malam maigida, kafin kakar bana ta wuce, ka sami dare ɗaya ka zauna da iyalinka da ɗan makarantar gidan da littafi. Ku rubuta wanda ke binku, nawa, da yaushe za a biya, sannan ka ɗauki katin iyali ka je wurin mai unguwa ko hakimi a duba sunayen.