Ƙwayar Awo da Girman Yaro: Amsar Wasiƙa daga Gatawa

Wasiƙar nan ta fito ne daga Gatawa, ƙaramar hukumar Sabon Birni. Wata baiwar Allah mai cikin wata huɗu ce ta ce surukarta ta hana ta shan ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awo, wai suna ƙara wa jariri girma har haihuwa ta gagara. Tana kuma tambaya ko suna amfanar yaro bayan ya tasa.

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida mana Inna, ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, amma abin tsoron ba nan yake ba. Abin tsoro shi ne mace ta hau gwiwa ba jini a jikinta, idonta fari fat, tafin hannunta fari, ko a haifi jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba.

Ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ce da folik asid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha kullum har ta haihu. Akwai kuma sabuwa mai sinadarai 15, wadda ta fi rage haihuwar 'yan mitsitsin jarirai.

Batun bayan yaro ya tasa fa? A gundumar Sarlahi ta ƙasar Nefal an bi sawun yaran da iyayensu mata suka sha ƙwayar ƙarfe da folik asid lokacin da suke da cikinsu. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna cewa a shekara 7 zuwa 9 sun ɗara sa'o'insu riƙe abu a ƙwaƙwalwa da iya aikin yatsu. Tsawo kuwa, kada in ruɗe ki, ƙwaya kaɗai ba ta hana tsumburewa. Wannan sai da nonon uwa zalla wata shida, sannan kunun gyaɗa, wake, zogale, ƙwai idan ya samu, har yaro ya cika shekara biyu.

Na san halin da ake ciki a gabashin Sakkwato. Hanyar Isa da Sabon Birni ba kullum take biyuwa ba, wasu 'yan'uwanmu ma suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Saboda haka ranar da kika samu zuwa asibiti, ki roƙi a ba ki ƙwayar da za ta kai ki awo na gaba, a haɗa miki da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kada ki kora ƙwayar da shayi, yana hana ta shiga jiki. Idan bayan gida ya yi baƙi, ba cuta ba ce.

Maigida, kai ma da kai muke. Ka raka ta awo, ka kuma zauna da Inna ka yi mata bayani cikin ladabi.