Amsar Tambaya: Lissafin tsini da rawar layi a gwajin wake

Ɗalibinmu na Bodinga, ka ce kana neman ragowar maganin ƙwari a waken kasuwar Shagari, amma adadin da manhajar kuromatogirafi ta ba ka bai kwanta maka ba. Ka lissafa da kanka: auna tsayin tsinin maganin daga tsakiyar layin ƙasa, ninka biyu, ka raba da tazarar sama da ƙasa ta rawar layin inda babu komai. Idan amsar ta kai uku, tana nuna akwai maganin. Sai ta kai goma za ka faɗi yawansa. Za a ce kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Haka ne, amma kai ke nuna mata inda za ta auna rawar, kuma gajeren wuri mai lafawa yana kumbura sakamako. Lissafin na da muhimmanci, domin ragowar maganin ƙwari na dichlorvos ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da waken Najeriya a 2015.