Wasiƙa a Matsayin Fagen Tace Ilimi: Muhawarar Darwin da Hooker kan Yaɗuwar Tsirrai

Masana halittu na Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya sukan tace ra'ayi a wasiƙa kafin su kai shi maɗaba'a. Kyakkyawan misali shi ne musayar wasiƙu tsakanin Charles Darwin da masanin tsirrai Joseph Hooker, daga 1843 zuwa rasuwar Darwin a 1882.

Cikin abubuwan da suka saɓa a kai akwai yadda tsirrai suka isa tsibiran tsakiyar teku. Hooker ya karkata ga cewa a da ƙasa ce ta haɗe su da nahiyoyi, daga baya ruwa ya cinye ta. Darwin kuwa na ganin teku na iya ɗaukar iri. A 1855 ya jiƙa iri iri-iri a ruwan gishiri, da dama suka tsiro bayan makonni. Sai dai ya shaida wa Hooker wani cikas: yawancinsu nutsewa suke yi. Wannan ya sa ya koma gwada busassun rassa masu 'ya'ya, da kuma rawar tsuntsaye.

Ke nan, shakkar Hooker ce ta ƙarfafa hujjojin da Darwin ya buga a 1859. Manazarcin da ya tsaya ga littafi kaɗai zai ga sakamako, amma hanyar da aka bi tana cikin wasiƙun.