Gundumar da Kowa Ke Bin Jam'iyya Ɗaya

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ma'aikacin jinya ɗan Katsina da ke aiki a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Teksas. Bai daɗe da zama ɗan ƙasar Amurka ba, kuma zai kaɗa ƙuri'arsa ta farko. Ya ce a gundumarsu duk ƙofar gidan da ya duba allon jam'iyyar Republican ne a kafe. Da ya shaida wa yayansa ta waya cewa mutum tara cikin goma jam'iyya ɗaya suke zaɓa, sai yayan ya ce ai wannan aringizon ƙuri'a ne tsagwaronsa. Yanzu zuciyarsa ta rabu biyu: maguɗi ne? In ma ba shi ba ne, me zai kai shi bin layi tunda an san wanda zai ci?

Hankalin Malam ya kwanta, ba aringizo ba ne. A yankin da yake akwai gundumar Roberts, wadda mutanenta ba su kai dubu ba, kuma a zaɓen 2020 ta ba Donald Trump wajen kashi 96 cikin 100. Mazaunanta galibi fararen fata ne masu kiwon shanu da aikin mai da iskar gas, masu riƙo da coci, waɗanda ba sa son gwamnati ta taɓa musu bindiga ko ta ƙara haraji. A zaɓen na 2020 kuma gundumar Prince George's ta jihar Maryland, inda baƙar fata suka fi yawa, ta ba Joe Biden kusan kashi 89.

Tushen abin yana cikin tarihi. Bayan Shugaba Lyndon Johnson, ɗan Democrat kuma ɗan Teksas, ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, baƙar fata suka rungumi jam'iyyarsa, fararen Kudu kuwa suka riƙa zamewa zuwa Republican. Rabon Teksas da zaɓar ɗan Democrat a kujerar shugaban ƙasa tun 1976.

Sai kuma ƙaura, wadda ita ce ta fi cin rai. Yaron ƙauye da ya tafi jami'a a Austin ko Dallas da wuya ya dawo, waɗanda suka rage kuwa ra'ayinsu ya zo ɗaya. Ɗan jarida Bill Bishop ya bi diddigin wannan a littafinsa na 2008: a 1976 kimanin rubu'in masu zaɓe ne ke zaune a gundumomin da ake cinyewa da tazarar kashi 20 ko fiye. Zuwa 2016 sun kai wajen kashi 60. Daga nan jam'iyyar da ke faɗuwa sai ta daina kashe kuɗi a wurin, wani lokaci ko ɗan takara ba ta tsayarwa. Wannan asara ce ga talakan gundumar, domin wanda ba ya tsoron faɗuwa ba ya saurin sauraren koke.

Duk da haka tura takan kai bango. Gundumar Elliott a Kentucky ba ta taɓa zaɓar ɗan Republican shugaban ƙasa ba tun kafa ta a 1869, sai a 2016. Gundumar Starr da ke bakin iyakar Meziko ta bi Democrat fiye da shekara 120, ta juya a 2024.

Saboda haka mai wasiƙar ya fita ya yi zaɓe. Ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta gwamna da ta sanata a matakin jiha ake haɗa su, tasa ba za ta nutse a gunduma ba. Muƙaman kusa da shi kuwa, irin su shugaban 'yan sandan gunduma da kwamishinoninta, a zaɓen fid da gwani na watan Maris ake raba gardamarsu. Teksas ba ta rajistar masu zaɓe da sunan jam'iyya, don haka yana da damar shiga na duk wadda ya ga dama, matuƙar ya yi rajista kwana 30 kafin ranar.